Sunan da Mutanen Ƙonni Suka Raɗa wa Maccido

Shekara talatin Maccido na Gidan Katta yana sayar da irin gero a kasuwar Illela. Ba gonar kirki gare shi ba, ido gare shi. Da kaka ta yi sai ya bi kunya-kunya yana zaɓen zangarniya, ya ware shibra, wannan ɗan'uwan gero na banza da ke zubar da ƙwaya tun ba a yanke shi ba. Har daga Ƙonni manoma ke tsallako iyaka su sayi irinsa, ba sa ko buɗe buhu.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya yi gum, ko matarsa Zuwaira bai gaya wa ba. Ya koma zaɓe da lalube, ga shi hannu bai san shibra ba.

Damina uku da suka wuce, gonakin waɗanda suka sayi irinsa suka yi kore shar, da aka zo fitar da kai kusan rabi shibra. Wani tsohon malamin makaranta daga Ƙonni ya tsaya gaban rumfarsa ya ce, “Maccido, ka shibka muna zizani.” Sunan ya bi shi. Shi kuwa, bawan Allah, ya ɗauka tsokana ce ta Faransanci, har amsawa yake yana dariya. Ina jin kunyar faɗa, ni ma na kira shi da shi.

Surukinsa Abdulaziz, wanda ya yi karatu a Nijar, shi ya kasa jurewa ya fassara masa. Ya ce asalin kalmar ta Girkawan dā ce, zizaniyon, wata ciyawa mai kama da alkama da ba a gane ta sai ta fid da kai. Faransawa suka ara, suna faɗinta ga mai shuka fitina tsakanin mutane. Wato ana nufin da gangan ya gauraya.

Ranar bai ci tuwo ba. Hanya biyu ce: ya yi shiru ya mutu da sunan macuci, ko ya tona asirin idonsa ya rasa sana'a. Ya gaya wa Abdulaziz gaskiyar idonsa, ya ce zai faɗa a kasuwa. Zuwaira ta ji komai daga ɗaki, ta roƙe shi ya bari, bakin mutane ba ya daɗewa kan abu ɗaya. Ya ƙi.

Ran kasuwa ya miƙe tsaye cikin layin 'yan hatsi ya ce, “Jama'a, ban cuce ku ba. Shekara ukku ke nan ban gani. Ko fuskokinku da murya nika gane su.”

Malamin Ƙonni ya kama hannunsa ya nemi gafara, wasu har da hawaye. Daga ranar babu wanda ya sake kiransa Zizani, kowa Baba Maccido, ana gaishe shi da girmamawa, ana sa masa goro a aljihu.

Bana ma ya kai buhu huɗu kasuwa. Huɗun ya komo da su.