Huluna Takwas da Zanensu Ya Ƙi Haɗuwa

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya uku a Gwiwa, kuma ba a san ni da komai ba sai ɗinkin hula. Tun ina 'yar shekara goma nake riƙe da allura, ɗinkina yana da tsabta, wannan ko wanda ba ya so na ba zai musa ba. Amma zane ba nawa ba ne. A wajenmu mai zane ne yake zana wa mutum da biro a kan farin ƙyalle, mu mata mu bi layinsa da zare. Mai zanenmu kawuna ne, yayan mahaifiyata, kuma duk hular da ta taɓa fita daga gidanmu hannunsa ne a jikinta. Mu huɗu muke ɗinki a ƙarƙashin rumfa ɗaya, ni da facalolina biyu da wata maƙwabciyarmu. Sai yanar ido ta kama Kawu, layinsa ya fara karkacewa, daga baya ya ajiye biro gaba ɗaya. Muka koma aika ƙyalle Kazaure a zano mana, ya yi sati bai dawo ba, in ya dawo kuma tsohon zanen nan ne da kowa ya gaji da gani. Ko sau ɗaya ban taɓa tunanin in gwada da kaina ba, domin na riga na yanke wa kaina hukunci cewa ni kaina babu komai a ciki sai kwaikwayo.

Ƙanwata da ke karatu a Kazaure ta kawo mini wani littafi. Da Turanci mai sauƙi aka rubuta shi, inda ya gagare ni ta fassara mini. Magana ɗaya yake ta nanatawa, wai kowane mutum yana da basira, tsoro ne kawai yake danne ta, kuma a ƙarshen kowane babi akwai aikin da mai karatu zai yi. Da fari dariya na yi. Amma na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta na fara. Kullum bayan na gama dama koko sai in cika shafi guda da layi ba tare da na ɗaga biro ba. Wata rana a ce in yi zane da hannun hagu. Wanda ya fi kama ni shi ne wanda ya ce in zaɓi abu ɗaya da nake gani kullum, in zuba masa ido sosai, in zana shi iri goma daban-daban. Na ɗauki zangarniyar gero daga bakin rumbu. Wallahi shekara talatin ina sussukar gero ban taɓa lura da yadda ƙwayoyinsa suke jeruwa a karkace suna hawa ba. Na yi iri goma, na yi ashirin, na koma kan gashin zabo da saƙar zana. Ranar da na duba shafukan na ga abin da ban taɓa gani a kan wani mahaluƙi ba kuma daga hannuna ya fito, sai da na yi hawaye don murna.

To daga nan ne kaina ya kumbura. A wani babi littafin ya ce awo da ƙa'ida su suke kashe basira, mutum ya saki hannunsa kawai. Ya kuma ce in rubuta sunayen mutanen da suke sanyaya mini gwiwa, in daina sauraronsu. A kwanakin nan na je gaida Kawu da littafin zanena, ina ta rawar jiki. Ya kara shi dab da idonsa, ya ce yana ganin alamar abu mai kyau, amma takarda daban hula daban, in zo ya koya mini ninki kafin in taɓa ƙyallen mutane. Ni kuwa uwar iyawa, sai na ji kamar ya watsa mini ruwan sanyi. Na ce masa zamani ya wuce ninki, yanzu hannu ake saki. Addu'a kawai ya yi mini. Da na koma gida na buɗe shafin nan na masu sanyaya gwiwa, sunansa na fara rubutawa. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ba a daɗe ba wani mutumin Roni da ke sayen hulunanmu ya zo da aiki. Ƙaninsa zai yi aure bayan kaka, yana son hula takwas iri ɗaya, ta ango da ta abokansa, kuma yana son abin da ba a taɓa gani ba. Ya kawo awon kan kowa a rubuce. Na nuna masa zanen zangarniya, nan take ya ce shi yake so. Da na faɗa wa matan rumfarmu, babbar facalata ta tambaye ni ko Kawu ya duba, na ce mata ya gani ya yaba, wanda rabin gaskiya ne kawai. Na yanka ƙyallaye takwas, na shimfiɗa kowanne a kan faranti, na saki hannu daga wannan baki zuwa wancan yadda littafi ya ce. Kowace mace ta ɗauki biyu. Sati shida muka yi a duƙe, wuya ya sage, yatsu suka yi kanta, amma zanen yana fitowa da zare ruwan ƙasa da ruwan zuma har masu shigowa gidan suna tsayawa kallo.

Ga wanda bai san aikin ba, jikin hula a miƙe ake ɗinka shi, sai an gama a lanƙwasa a haɗa baki da baki ta baya, sannan a ɗora sama. Saura kwana goma biki na ɗauki ta farko na lanƙwasa. Zangarniyar da ta taso daga dama ta zo ta ci karo da rabin wata daga hagu, ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa, kamar an yaga riga an liƙa. Na ce ko wannan ce kawai. Na ɗauki ta biyu, ta uku, har ta takwas. Ko ɗaya ba ta haɗu ba, kuma da yake kowane kai da girmansa, kowace da irin tata ɓarakar. Innalillahi! Maƙwabciyarmu ta ajiye allura ta fita ba sallama. Babbar facalata ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce kawai in faɗa mata da wace fuska za mu kalli mutumin Roni, kuma wa zai ƙara kawo wa gidan nan ƙyalle. Sabon ɗinki a kwana goma ba zai yiwu ba, kowa ya san haka.

Da hantsi na ƙulle hulunan a ɗankwali na tafi gidan Kawu. Na same shi a zaure a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, sai kawai na faɗa masa komai, har da sunansa da na rubuta. Dariya ya yi, ya ce ashe har ya shiga littafi bai sani ba. Ya karɓi hula ɗaya yana shafa ɗinkin da yatsa, ya daɗe yana bin zangarniyar, sannan ya ce shi dai duk tsawon aikinsa bai taɓa cin karo da wannan zane ba, kuma ba zai yarda a jefar da shi ba. Ya sa na kawo wani ƙyalle. Ya ninka shi biyu, ya sake ninkawa, ya sake, yana danne kowane ninki da farce. Da ya buɗe sai ga gida takwas daidai wa daida. Ya ce asirin ke nan gaba ɗaya: kowane gida ya ɗauki zane cikakke, to komai girman kai baki zai tarar da baki. Abin da na ƙi tsayawa in ji ke nan, ko minti biyar bai ɗauka ba.

Game da waɗanda suka ɓaci, ya ce bakunan zanensu ba za su taɓa haɗuwa ba, sai dai a raba su. In warware faɗin yatsa biyu ta kowane gefe, in tsayar da wani abu a tsakani. Na tambaye shi mene ne zan tsayar, ya ce wannan kuma aikin mai basira ne, shi awo ya sani. A nan zauren na buɗe littafin rubutuna na koma kan aikin nan na iri goma. Na farko ginshiƙi ne kawai, ba kyau. Ina ta yi ina kwatanta masa yana girgiza kai. A na bakwai na zana karan gero a tsaye da gaɓoɓinsa, ganye yana fita dama da hagu, ta yadda zangarniyar sama da ta ƙasa duk za su zama kamar daga jikinsa suka tsiro. Ya ce in tsaya nan.

Na koma na roƙi matan gafara ɗaya bayan ɗaya, har gida na bi maƙwabciyarmu. Muka zauna kwana shida, aka warware, aka ɗinka, aka haɗa, aka kai wa mai wankin hula. Ranar ɗaurin aure ni da babbar facalata muka hau babur zuwa Roni muka shiga cikin mata. Da ango da abokansa suka shigo gaisuwa kowa yana kallon fuska, ni ƙeya nake kallo. Kara takwas a tsaye cas, ba wanda zai ce gyara ne. Na ji wata dattijuwa tana tambaya ko daga Kano aka sayo su, babbar facalata ta ɗaga murya ta ce a Gwiwa aka yi, ga ma mai zanen nan a zaune. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba. Yanzu ƙyalle daga Roni da Yankwashi har Babura ake aiko mini in zana, kuma duk wanda ya je wurin Kawu neman zane, gidana yake kwatanta masa.

Ban rubuto don in kushe irin waɗannan littattafai ba. Ba don wannan littafi ba da har yanzu layin wani nake bi, kuma ina shawartar duk mai jin kansa fanko ne ya nemi irinsa ya yi ayyukan da ke ciki. Amma wanda ya rubuta shi bai taɓa haɗa bakin hula ba, bai san mata huɗu za su yi sati shida a duƙe a kan layina ba. 'Yan uwa, ku saki hannu a takardarku yadda kuke so, amma kafin ku taɓa kayan mutane ku je ku durƙusa a gaban wanda ya tsufa a cikin sana'ar. Ni Allah ya rufa mini asiri na samu nawa da rai, da hankalinsa, kuma da zuciyar yafiya. Ba kowa ne zai koma ya tarar da nasa a zaure ba.