Musayar da Na Yi a Gada Biyu

A duk faɗin Jos babu mai kunne irin nawa. Ko allura ce ta faɗi a Farin Gada ana tsakiyar lodin tumatir, zan gaya maka sautin da ta yi. Shekara ashirin ina faɗa wa 'yan ƙungiyarmu ta kiɗan biki haka, ba wanda ya musa, don ni ke busa sakso, algaitar Turawa, ƙaramar nan miƙaƙƙiya mai siririyar murya da ake kira sofrano.

Tawa tsohuwar ƙira ce, wuya da jiki a haɗe. Ruwan zinarenta ya goge, maɓallanta biyu da roba na ɗaure su. In an je sama takan zarce, in an sauko ƙasa sai an lallashe ta. Na san halinta sarai: nan in sassauta leɓe, can in cije.

Mai gyara mana kayan busa wani dattijon Bayarabe ne a Gada Biyu, kowa Baba yake ce masa. Ko maƙogwarona ya ce in kawo, zan cire in ba shi. Wata rana ya buɗe mini akwati. Sakso ce a ciki, kamfani ɗaya da tawa, amma sabuwar ƙira: wuya biyu da ake cirewa, ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe, ga ƙarin maɓalli can sama, ga ƙyalli har na hango haƙorina na baya.

"Oga, bar tsoho a nan, tafi da wannan," in ji Baba. "Shi ba ya ƙarya."

Ban ko waiwayi tsohuwata ba.

Ranar Asabar muna da biki a Kabong. Amarya ta tako, aka bar mini fili ni kaɗai. Na sassauta leɓe inda na saba, sai sauti ya zube ƙasa. Na cije, ya haura kamar an taka wutsiyar kyanwa. Mai jita ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da aka tashi shugabanmu ya ja ni gefe, ya ce in haka za a ji Asabar mai zuwa, mai kakakin Turawa zai karɓi wurina.

Litinin da sassafe na dira shagon Baba. Na ce ya cuce ni, ya raba ni da abokiyar zamana ya haɗa ni da gwangwani. Sai ya miƙo mini tsohuwata. Da ƙyar na gane ta. Ya cire robar, ya sauya fatun da ke toshe ramukan, ya daidaita maɓallan, har ya goge ta.

Na busa. Ita ma ta juya mini baya, a daidai wuraren da sabuwar ta kunyata ni.

"Baba, me ka yi mata? Wa ya sa ka?"

Ya karɓa ya busa, ya ɗauki sabuwar ya busa. Murya ɗaya, tsaf, sai dai tsohuwar ta fi kauri kaɗan. Ya jera su a kan tebur, ya dube ni ta saman tabarau.

"Oga, shekara ashirin kai da shi kuna rufa wa juna asiri. Na gyara shi. Bakinka ne ba ni da kayan gyaransa."