Fitilar Taya a Motar Ƙanena

Ƙanena da ke aiki a Abuja ne ya kawo motar gida Kalgo. Da aka tura shi kwas ƙasar waje sai ya bar mini ita, ya ce in riƙa kai Inna, mahaifiyarmu, duk inda take so. Mota ce mai aiki da lantarki, ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, in tana tafiya sai dai ka ji ƙarar tayoyi a kan kwalta. Ya sa an ƙara mana sola a rufin gida, ya nuna mini yadda ake jona ta a caji, ya tafi. Ni malamin firamare ne. Na iya tuƙi, amma ban taɓa mallakar abin da ya wuce babur ba.

Ana cikin damina aka yi wa yayar Inna aikin ido, muka shirya zuwa Gwandu dubiya. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Ba mu yi nisa da Kalgo ba motar ta yi wani ɗan ƙara, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana. Siffarta kamar ƙaramar tukunya, da alamar motsin rai a tsakiya. Rubutu ya fito a ƙasanta, amma da Sinanci yake, don daga can aka sayo motar.

Na gangara gefen hanya na tsaya. Inna ta leƙo daga baya ta daɗe tana duban abin.

"Wagga ai tukunya ce," ta ce. "Ruwa take so."

Ban da wata hujjar musa mata. Na buɗe gaban motar ina neman inda ake zuba ruwa, sai na tarar da wani akwati na roba, babu komai a ciki sai wayar caji. Na kira ƙanena, waya ba ta shiga ba. Na ɗauki hoton fitilar na tura masa, na tsaya ina zagaya motar ba tare da na san abin da nake dubawa ba.

Wani direban tifa ya tsaya ya yi mana sannu. Ya ce ya taɓa ganin irin alamar a motar maigidansa, kuma a iya tunawarsa maganar taya ce. Muka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana shurin su da ƙafa, duk tsaf suke. Ya ce to wataƙila ta safaya take nufi. Muka kwashe kayan dubiya daga but, muka ɗaga shimfiɗar ƙasa. Motar ba ta da safaya ko kaɗan. Ya dube ni, na dube shi, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya hau motarsa.

Haka na lallaɓa har Kambaza, babura masu ɗauke da buhunan taki suna wuce mu. A nan muka sami mai faci, wani dattijo mai fara'a. Ya sa geji ya auna iskar tayoyin, ya ce shi dai bai ga wadda ta sace ba. Ya tambaye ni iska nawa motar take sha, na ce ban sani ba, ai shi na zo tambaya. Ya ce shi ma yau ya fara taɓa irinta. A ƙarshe ya ba kowace taya abin da yake ba motocin haya, na tayar, fitilar tana nan.

Muna gab da shiga Gwandu, rana ta ɗaga, sai ta mutu da kanta. Ban taɓa komai ba. Muka yi dubiyarmu, muka ci tuwon shinkafa, muka dawo lafiya. Washegari da safe ta sake kamawa.

Haka muka yi ta yi da ita. Da sanyin safiya ta kama, in rana ta yi zafi wani lokaci ta mutu, wani lokaci ta ƙi. Da ƙanena ya samu ya kira, ya ce lalle iskar taya ce, kuma akwai adadin da ya dace a rubuce a jikin ƙofar direba. Na duba, na ga lambobi jeri biyu, ban san wanda ya yi daidai da gejin masu faci ba. Ya ce in nuna masa tayoyin gaba ta waya. Da ya gani ya ce sun cinye, batirin motar nauyi gare shi, yana cin taya da wuri, in je in sauya su da masu ɗaukar nauyi.

Na tafi Birnin Kebbi. Mai shagon ya ce duk taya ai nauyi take ɗauka, amma ya zaɓo mini waɗanda lambarsu ta yi daidai da ta tsofaffin. Aka kwance, aka ɗaura, har aka sa mini sababbin bawul, wato bakin da ake hura iska ta ciki, don a kyautata mini. Na kama hanyar gida raina fes. Kafin in kai Kalgo fitilar ta dawo, wannan karon tana ƙiftawa.

Da na faɗa wa ƙanena sai ya tambaya: "Yaya, ina tsofaffin bawul ɗin?"

Ashe a gindin kowane bawul, ta cikin taya, akwai wata 'yar na'ura da ke gaya wa motar yawan iska. Na koma shagon. Ni da mai shagon muka durƙusa muna tona tarin tsofaffin robobi da ruwan sama ya jiƙa, muna neman abin da ni ban taɓa ganin kamarsa ba. Muka sami ɗaya. Ɗayar ko sama ko ƙasa. Sai da ƙanena ya sa abokinsa ya aiko da wata a motar haya, aka sake kwance tayoyin aka ɗaura. Ƙiftawar ta tsaya, amma fitilar ba ta mutu ba.

Saura a gaya wa motar an yi gyara, in ji ƙanena, kuma a allon taɓawa na gaban motar ake yi, wanda shi ma da Sinanci yake. Muka yi kiran bidiyo, ina zaune a ciki a ƙofar gida, hoton yana yankewa. Ya ce in taɓa na biyu daga hagu. Na taɓa, kujerata ta fara ɗumi. Na taɓa wani, muryar wata mace ta yi mini dogon bayani da yarensu. Ana cikin haka kiran ya katse, ni kuma na ci gaba da danne-danne don in kashe ɗumin kujerar. Da na ɗaga kai, fitilar ta mutu.

Tun ranar ba ta sake kamawa ba, ko da safe, ko bayan ruwa. Abin da ban sani ba shi ne, gyara ta na yi ko kuwa kashe ta na yi gaba ɗaya. Na tambayi ƙanena, ya ce sai ya ga abin da na danna, ni kuwa ban riƙe ba. Ya ce in sace iskar taya ɗaya in ga ko za ta yi magana. Ran nan na durƙusa da tsinken ashana a hannu, har na cire murfin bawul, sai na tuna ba ni da famfo a gida, kuma akwai sauran zirga-zirga a gabana. Na mayar da murfin na shiga na tayar da mota.