Igiyar da Baba Kofur bai samu ba

Tun ina da cikin 'yar farina abin da ke hana ni sukuni shi ne dunduniyar maigidana ta hagu. Faso yake da shi mai zurfi, idan ya buɗe sai ka ga jan nama. Shi kuwa soja ne, sojan lokacin kuma ba takalmi ake ba su ba. Na sha jin matan bariki suna cewa in aka fita tafiyar yaƙi, wanda ƙafa ta ci amanarsa a hanya ake barinsa, sai Allah ya yi yadda ya so da shi. Yana cin tuwo, ni ina kallon ƙafar.

Abin da ke ɗan kwantar mini da hankali shi ne Baba Kofur, maƙwabcinmu a Tudun Wada, wanda maigidana yake ƙarƙashinsa. Dattijo ne gajere mai igiya biyu a hannun riga. Duk ranar Alhamis bayan fareti yakan zaunar da mutanensa a kan wani kututture, ya durƙusa ya bi ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Ya cire ƙaya da allura, ya kankare kaushi da dutse, ya cika faso da man kaɗe mai ɗumi. Yana yi yana tsokanarsu: "Kai, wannan ƙafa ce ko bayan kada?" Kowa ya san igiya ta uku, ta saje, tasa ce.

Sai wani hakimi ya zo gaida Baturen bariki da rago, da ƙanin matarsa a bayansa. Saurayin bai fi damina biyu da shiga soja ba. A lokacin Turawa suna lallashin hakimin saboda 'yan dako da yake tara musu. Mako bai zagayo ba aka ɗinka wa saurayin igiya uku.

Na shiga gidan Baba Kofur da jaririya a baya, ina ta huci. Na same shi yana gyaran ɗamararsa.

Na ce, "Baba, haka za ka yi shiru?"

Ya ce, "To in yi kuka ne, 'yata? Ga mai kuka nan kin goyo."

Matarsa ta leƙo daga madafa ta ce, "Bar shi, in aka yi magana ya ce igiya ba ta ɗaukar kaya."

Sabon saje ba mugu ba ne, sai dai kunya yake ji a ga mutanensa zaune ana taɓa musu ƙafa. Ya ce bariki ba rumfar wanzamai ba ce, ya hana zaman Alhamis. Aka koma goge maɓallai da daidaita jar hula. Gaskiya sun yi kyau a fareti, har mu mata muna leƙe ta bayan shinge. Amma da yamma maigidana yana shigowa ina ganin yadda yake taka ƙasa da yatsun ƙafa.

Da labari ya zo cewa za su yi tafiya mai nisa, aka fitar da su gwaji da kaya a ka, suka haye rafin Kubanni suka zagayo. Wasu da sanda suka dawo. Maigidana ya bar jini a tabarma. Shi kansa sajen, wani sabon takalmi da hakimin, mijin yayarsa, ya ba shi ya sale masa ƙafa duka biyu.

Washegari bayan la'asar na ji sallama. Baba Kofur ne da 'yar tukunyar man kaɗe. Ya ce an hana shi a bariki, amma ba wanda ya hana shi gaida maƙwabta. Ya durƙusa gaban maigidana, ya kira ni: "Zo ki gani, ba kullum nake nan ba." Ya nuna mini yadda ake jiƙa ƙafa a ruwan bagaruwa, da yadda ake ɗaure tsumma don kada fason ya buɗe. Haka ya bi gidajen mutanensa har ranar tashi. Matarsa ce ta gaya mini gidan sajen ma ya je, ya durƙusa ya wanke masa ƙafa, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ajiye takalmin nan, ba ya ƙaunarka."

Sun yi wata da watanni. Ranar da suka dawo, yarinyata ta fara tsayuwa. Ban ɗaga kai na dubi fuskar maigidana ba sai da na ga ya taka dunduniyar nan sosai a ƙasa. Ya ce a hanya sajen da bakinsa ya maido da zaman Alhamis, kuma ba su bar kowa a baya ba.

Baba Kofur da igiyarsa biyu ya bar aiki, da su aka san shi har ya rasu. In Allah ya kai ka inda maganarka take ɗaga mutum, ina roƙonka ka fara tambayar waɗanda za su bi bayansa, da matansu. Shi kuma Baba, ka sa shi a addu'a.