Gwangwanin Gwaji

Ni ne ban kyauta ba, kuma a gaban baƙi na yi. Ranar ƙaramar sallar bara, a tsakar gidanmu na unguwar Banifandou, wani abokina ya tambayi ɗiyata Rabi me take karantawa a jami'a. Kafin ta buɗe baki na ce, "Wasan yara take yi a na'urar ordinater, tana lanƙwasa ƙarfen da babu shi." Aka yi dariya. Rabi ta ɗauki faranti ta shige ɗaki. Daga ranar ta daina kawo aikinta gida, sai can unguwar Lamordé wajen ƙawayenta. Da lokacin gabatar da bincikenta ya matso, uwarta kaɗai ta gayyata.

Ni kuwa a rumfar maƙeran sanholo na tashi, bayan kasuwar Lazaret. Babanmu mutumin Maradi ne, yana buga faranti da ludayi da murfin tukunya. Idan na taso daga lakwal, wato makarantar boko, aikina shi ne in shafa kitse a cikin ramin kututturen da yake ɗora fallen ƙarfe a kai, shi kuma ya bi da guduma a hankali yana juyawa. Idan kitse ya yi kaɗan, fallen ya kama itace ya yage daga gefe. Idan ya yi yawa, ya zame ya yamutse. Hannuna kullum baƙi ƙirin, ina ƙarnin rago, yara na tsokanata.

Amma duk lokacin da Baba ya sassaƙa sabon rami, ba ya taɓa kusantar da falle mai kyau. Sai ya aike mu bola mu tsinto gwangwanayen madara, ya farke su, ya buga ɗaya bayan ɗaya yana duba inda suka tsage, ya kankare itacen, ya sake. Mu dai jira muke ya jefar mu yi motoci da su. Maƙwabtansa na rumfa suna cewa tsoho ya koma wasa. Shi kuwa sai ya ce, "Gara gwangwani ya yage."

Wannan maganar ce ta faɗo mini ran da uwar Rabi ta nuna mini hoton aikin a wayarta. Falle ne yana nutsewa cikin rami, wurin da gogayya ta yi yawa ya yi ja, can gefe, daidai inda na Baba ke yagewa. Wato a ordinater take gwada fallen, ta ga inda zai yage kafin a taɓa ƙarfe na gaske. Rumfar ta daɗe da zama shagon caji, kututturen ma an ƙona. Ashe sana'ar tana cikin gidana, ni na koma cikin masu dariya.

Na tarar da Rabi tana wanki, na tsuguna kusa da bokitin. Na ce, "Rabi, gwangwanin kakanki kike bugawa, ban gane ba. Ki yafe mini."