Ranar da Na Fasa Tulun Iri

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da na fasa tulun irin gidanmu ba. Yau gemuna ya yi fari fat, amma in na tuna sai abinci ya fita raina.

A shekara ta biyu ta fari ne, a ƙauyenmu kusa da Gidimuni. Mu huɗu mahaifinmu ya bari, gandu ɗaya muke nomawa, tukunya ɗaya ake ɗora mana, babban wanmu ke riƙe da gida. A al'adarmu, kowace kaka akan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau a sussuke, a cuɗe hatsin da toka saboda ƙwari, a zuba a babban tulu a liƙe bakinsa da laka. Ba mai taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. Maƙwabta suna ta watsewa, mu muna zaune, don duk wanda ya ɗauko zancen tafiya sai Yaya ya ce, "Muna da iri. Ku yi haƙuri ruwa ya zo."

Ni na yi wata uku a Damagaram ina dakon buhuna daga kamiyo, wato manyan motocin kaya. Da na dawo na tarar 'yata ƙarama ko tsayuwa ba ta iya yi, uwarta na jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci tana ba ta. Dama ni mai zafin kai ne, ga shi zaman birni ya sa ina ganin na fi kowa wayo.

Da hantsi, a gaban kowa, na ce, "Yaya, yara na mutuwa kana gadin tulu? A buɗe a ba kowa rabonsa."

Ya ce, "Zo mu shiga ɗaki, ni da kai."

Na ce, "Ba inda za ni. Faɗe shi nan."

Matarsa ta riƙe mini riga tana haɗa ni da Allah, na fizge. Na ɗauki taɓarya na ba tulun ɗaya a ciki. Ya tarwatse, gutsattsarinsa har bakin ƙofa. Yashi ne ya zubo, yashi da toka, ko ƙwayar hatsi babu.

Na juyo zan kira shi ɓarawo, sai matata ta fashe da kuka ta ce, "Kunun da ya riƙe 'yarka har ka dawo ka same ta da rai, daga ina kake zaton ya fito?"

Ashe tun bayan tafiyata yake ɗiba kaɗan-kaɗan yana ba matan su dama wa yara, ya cika gurbin da yashi ya sake liƙewa, har ya ƙare. Matan duk sun sani suka yi gum. Mu mazan yake ɓoye wa, don ya san ranar da muka gane babu iri, ba wanda zai zauna.

Haka kuwa aka yi. Kafin mako ya zagayo ɗaya ya kwashi iyalinsa ya yi Kano, ɗaya ya yi arewa, ni kunya ta kore ni Damagaram. Yaya kuwa, ranar da na fasa tulun, durƙusawa ya yi yana tsince gutsattsarin don kada su yanki yara.

Bayan sati uku ruwa ya sauka. An raba irin taimako a ƙauyuka, Yaya ya samu, amma gonar mutum huɗu ba ta nomuwa da hannu biyu, ciyawa ta cinye ta. Ya rasu ban nemi gafararsa ba, kullum ina cewa sai na samu abin kai masa. Na Kano sau biyu muka sake haɗuwa. Na arewa har yau ba labarinsa.

Na daɗe ina ɗora wa fari laifin watsewarmu, ƙarya nake yi wa kaina. Fari ya shekara biyu yana bugun gidan nan bai raba shi ba, ni na raba shi da bugu ɗaya. Abin da na koya shi ne kada mutum ya fasa abu sai ya tambayi me yake riƙewa. Na koya ɗin, amma sai da ya zamana babu sauran wanda zan tambaya.