Yekuwa Biyu a Baki Ɗaya

In kuna neman wawan wannan labari, kada ku wahala, ga ni. Ni ne sankiran ƙauyenmu, can bayan Damri. Aikina yekuwa: Magaji, wato mai garinmu, ya faɗa mini magana, ni kuma in zagaya gari in kwarara ta. Bokona ya tsaya aji huɗu, amma murya kam ko a Bakura an san da ita.

Kafin damina wani jami'i ya zo daga ƙaramar hukuma, ya tara mu a ƙofar Magaji. Ya ce a sakatariya sun tsara: in ciyaman ba ya nan ranar hari, mataimakinsa ke ba da umarni, in shi ma babu, sakatare. Ya ce kowane gari ya yi haka. Sai ya tambaya, in aka rasa Magaji da kansila, wa za a saurara? A wurinmu ba a naɗa magajin mai rai yana zaune yana kallo. Ɗangaladima, ƙanen Magaji, ya dubi ƙasa. Sani, babban ɗan Magaji, ya dubi sama. Ni kuwa mai bakin gari na gyara hula na ce, “Ranka shi daɗe, wanga yaro likkafani ya kawo maka a mota.” Aka fashe da dariya. Magaji ma ya yi. Jami'in ya sha fura ya tafi, ba a ambaci kowa ba. Na yi mako ina ba da labarin yadda na kayar da ɗan boko.

Ranar da abin ya zo, gero ya fara kai. Da safe na sha kunu a gidan ɗiyata Balki, a unguwar yamma, tana daka da goyo a baya. Da hantsi Magaji da kansila suka shiga mota ɗaya za su taro Bakura. Ba su yi nisa ba muka ji harbi. Na farko ɗaya ɗaya. Sannan ya haɗe. Wani mai babur ya shigo ba takalmi, ya ce 'yan bindiga sun tare motar, sun harbe su duka, kuma sun nufo gari.

Jama'a suka cika ƙofar Magaji. Mata da yara, tsofaffi da sanduna. Kowa ni yake kallo. Ni kuma tunda nake ban taɓa yin yekuwa da maganata ba.

Ɗangaladima ya kama hannuna. “Ce a fita! A bi fadama!”

Na ruga. Na ce Magaji ya gaishe ku, don bakina bai san wani mafarin yekuwa ba, alhali mutumin yana kwance a hanya. Na ce kowa ya fita ta gabas, ya bi fadama. Mutane suka fara kwarara. Na ga Balki ta fito da ƙullin kaya.

Sai Sani ya tare ni a bakin masallaci, waya a kunne. “Wa ya sa ka? Jami'an tsaro na tafe. Ce kowa ya koma ɗaki ya rufe!”

Na tsaya. Wannan ƙane, wannan ɗa. Ban san wanda ya fi ba, kuma ni na hana a sani. Ƙarar babura ta fara tasowa daga arewa. Na juya na koma unguwar yamma da muryar nan tawa. Na ce kowa ya koma ɗaki. Na ji ƙofofin langa-langa suna rufuwa bi da bi.

Kafin azahar sun shigo. Ta yamma suka fara. Na ji “Ku fito!” Na ji ana dukan ƙofa. Hayaƙi ya tashi daga rumbuna. Matata Kulu ta fizgi rigata, muka faɗa cikin gero. Muka yi rarrafe har fadama. Laka ta cinye takalmana. Muka kwanta cikin shinkafa, ruwa har wuya, sauro na cin mu ba mai motsi. Harbin bai lafa ba sai bayan la'asar. Jami'an da Sani ya ce sun iso da magariba.

Motar itace ta kwashe mu zuwa Talata Mafara, aka sauke mu a wata makarantar firamare. Waɗanda suka bi yekuwar farko kusan duk suna nan. Mutanen unguwar yamma kuwa aka tasa su daji. Sani yana cikin waɗanda aka binne. Balki da jaririnta suna cikin waɗanda aka tafi da su. An sami ƙullin kayanta a bayan ƙofa, ba a kwance ba. Har yau ba labari.

Ran nan muna zaune a barandar aji, maza suna mayar da zance. Na ce ai a yi mini adalci, sankira bututu ne, abin da aka zuba shi ke fita. Laifin na masu umarni biyu ne. Kulu tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, “Malam, Balki ba ta san umarnin Sani ba. Muryar ubanta ta ji ta koma.”